Sauya Sheƙa da Halin da Hamayya Take Ciki: Misalin Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Kalmar sauya sheƙa daga wajen tsuntsaye aka aro ta. Tsuntsu yakan bar sheƙarsa in ruwa da iska suka wargaza ta, ko in maciji ya gane hanyarta, ko kuwa in ya hango wata itaciya wadda ta fi kusa da gonar gero. Hausawa suka ɗauki wannan hali suka laƙaba wa ɗan siyasar da ya bar jam'iyyarsa ya koma wata. Aron ya dace ƙwarai, domin dalilan nan uku na tsuntsu su ne dai dalilan ɗan siyasa: ko dai jam'iyyar ta rushe, ko an takura masa a cikinta, ko kuwa ya hango abinci a wani wuri.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda al'amarin yake gudana, da abin da tsarin mulki ya tanada a kansa, da kuma abin da yake jawo wa hamayya. An zaɓi ƙasar Gaya da Ajingi don ta zama misali, saboda mutanenta sun ga kusan kowane launi na wannan al'amari tun daga Jamhuriya ta Biyu.

Ƙasar da Mutanenta

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne guda biyu daga cikin 44 na Jihar Kano, suna can gabas, suna maƙwabtaka da Jihar Jigawa wadda aka cire daga Kano a 1991. A ƙidayar 2006 an sami mutum kimanin 201,000 a Gaya, kimanin 174,000 kuma a Ajingi, galibinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Su biyun tare da Albasu suna da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A Majalisar Dattawa kuwa suna cikin mazaɓar Kano ta Kudu mai ƙananan hukumomi 16.

Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala don neman tama daga Gaya suka fito, su ne ake kira Abagayawa. Saboda haka mutumin Gaya ba ya ɗaukar garinsa ƙauyen Kano, kuma wannan ji da asali yana da tasiri a siyasar yankin, kamar yadda za a gani a batun masarauta.

Tushen Hamayya a Kano

Ƙasar Kano ba baƙuwar hamayya ba ce. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, ta yi ta fafatawa da NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, har juyin mulkin Janairu 1966. A wancan zamani shiga hamayya abu ne mai tsada. Ɗan NEPU a ƙauye yakan gamu da dogarai da 'yan doka, a gurfanar da shi gaban alƙali, a ɗaure shi a gidan yarin En'e, wani lokaci a tsananta masa haraji. Duk da haka aka sami talakawan da suka jure, domin abin da ya raba jam'iyyun biyu a fili yake, watau matsayin talaka a gaban sarauta da hukuma. Wanda ya bar tauraro ya koma fartanya ya san abin da ya bari, jama'a ma sun sani.

A 1979 magajiyar NEPU, watau PRP, ta ci zaɓen gwamna a Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin ƙasar Sumaila, ya hau mulki, ya soke haraji da jangali. Amma ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare gida biyu: 'yan Santsi suna tare da Gwamna, 'yan Taɓo suna tare da Malam. Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu 1983. A cikin wannan shekara Rimi ya ajiye muƙamin gwamna, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya gaje shi, shi kuwa ya nemi kujerar a ƙarƙashin NPP. Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

Abu biyu ne abin lura a nan. Na farko, Rimi ya sauka daga kujerar da ya samu da sunan PRP kafin ya nemi ƙuri'a da sunan wata jam'iyya. Na biyu, masu zaɓe sun sami damar yanke hukunci a kan sauyin da ya yi cikin 'yan watanni, suka kuwa yanke. Da waɗannan ma'aunai biyu ya kamata a auna duk sauyin da ya biyo baya.

Darasin Kujerar Kano ta Kudu

Tarihin siyasar Alhaji Kabiru Ibrahim Gaya, masanin zanen gine-gine, ya ƙunshi darussa da dama. A Jamhuriya ta Uku gwamnatin Janar Babangida ta kafa jam'iyyu biyu tak, SDP da NRC. A Kano SDP ce ta fi ƙarfi, shaida kuwa ita ce a zaɓen 12 ga Yuni 1993 Abiola na SDP ya fi Alhaji Bashir Tofa na NRC ƙuri'a a Kano, jiharsa ta haihuwa. Amma a zaɓen gwamna na Disamba 1991 tsohuwar gabar Santsi da Taɓo ta farfaɗo a cikin SDP, wani ɓangare ya juya wa ɗan takarar jam'iyyarsa baya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kabiru Gaya na NRC ya ci zaɓe, ya yi gwamna daga Janairu 1992 zuwa Nuwamba 1993, sa'ad da Janar Abacha ya rushe dukkan zaɓaɓɓun hukumomi.

A 2007 aka zaɓe shi Sanatan Kano ta Kudu a ƙarƙashin ANPP, aka sake zaɓensa a 2011. A 2013 ANPP ta haɗu da ACN da CPC da wani ɓangare na APGA suka zama APC, ya ci zaɓen 2015 da na 2019 a sabuwar jam'iyyar. Wajibi ne ɗalibi ya bambanta wannan da sauya sheƙa. Jam'iyyar ce ɗungurungum ta narke cikin wata, kuma tsarin mulki ya amince da haka.

Shekara 16 ya yi a kan kujerar. Wanda ya kayar da shi a 2023, Alhaji Sulaiman Abdurrahman Kawu Sumaila, abokin tafiyarsa ne a ANPP da APC. Ya wakilci Sumaila da Takai a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya kuma yi wa Shugaba Buhari aikin mai taimakawa kan harkokin majalisa. A 2022 ya bar APC ya shiga NNPP, jam'iyyar da Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya shiga a watan Maris na wannan shekara, ya yi nasara da ratar ƙuri'a fiye da 100,000. A wannan zaɓe ne kuma kujerar Majalisar Wakilai ta Albasu da Gaya da Ajingi ta kuɓuce wa Alhaji Abdullahi Mahmud Gaya na APC, ta koma hannun Dokta Ghali Mustapha Tijjani na NNPP. Watau gwamnan da rabuwar abokan hamayyarsa ta ɗora a 1991, rabuwar jam'iyyarsa ce ta sauke shi bayan shekara talatin da 'yan kai.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2025 Sanata Kawu Sumaila ya koma APC yana riƙe da kujerarsa, haka ma wasu 'yan Majalisar Wakilai na yankin, irin su Alhaji Kabiru Alhassan Rurum. A Janairu 2026 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda ya ci zaɓen 2023 a NNPP da ƙuri'a 1,019,602, ya bar jam'iyyar ya shiga APC. Manomin Ajingi da ya bi layi cikin rana ya dangwala wa kwandon kayan marmari don ya kawar da tsintsiya, ya wayi gari ƙuri'arsa tana gidan tsintsiya, ba tare da an sake tambayarsa ba. Wanda ya sauya yana da hujjarsa, kuma mai yiwuwa wasu daga cikin masu zaɓensa sun yarda da ita. Matsalar ita ce babu wata hanya da aka bi aka auna yawan waɗanda suka yarda.

Dalilan Sauya Sheƙa

Dalili na farko yana cikin tsarin mulkin kansa. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Dole sai wata jam'iyya ta tsayar da mutum. Saboda haka duk wanda aka toshe wa hanya a zaɓen fid da gwani, ko da kuwa shi jama'a suke so, ba shi da mafita sai ya nemi wata inuwa. A jihohi da yawa gwamna ne yake riƙe da shugabannin jam'iyya tun daga mazaɓa, wanda ya saɓa da shi kuwa ya san sakamakon zaɓen fid da gwani tun kafin a yi shi. Wannan shi ne tsuntsun da maciji ya shigar wa sheƙa.

Dalili na biyu shi ne jam'iyyun yanzu ba su bambanta da juna a aƙida kamar yadda NEPU ta bambanta da NPC ba. Mabiya sun fi sanin gidan jagora bisa ga sanin manufar jam'iyya. Alal misali, Kwankwaso ya yi gwamna a PDP daga 1999 zuwa 2003, ya dawo a 2011, ya koma APC tare da gwamnoni huɗu a Nuwamba 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022, jar hula kuwa tana biye da shi ko'ina. Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi gwamna a ANPP daga 2003 zuwa 2011, ya bar APC zuwa PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya shiga NNPP a watan Mayu 2022, ya fita zuwa PDP a watan Agusta na shekarar. Wanda ya duba waɗannan shekaru da kyau zai ga cewa sau da yawa shigar ɗayansu gida ita ce fitar ɗayan. Giwa biyu ba sa shan ruwa a ƙaramin tafki.

Dalili na uku shi ne baitulmali. Yawancin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma daga asusun tarayya suke zuwa, ayyuka da muƙamai da kwangila kuma suna hannun mai mulki. Ɗan siyasar da yake hamayya ba shi da abin da zai bai wa magoya bayan da suke sallama a ƙofar gidansa kullum safiya, wannan da takardar asibiti, wancan da kuɗin makaranta, wani kuma da neman taki. Sau da yawa matsin da yake sa shi sauyawa daga ƙasa yake tasowa, daga mutanen da suka gaji da zama a rana. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan shugabanni.

Abin da Doka ta Ce

Sashe na 68(1)(g) na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan Majalisar Tarayya zai rasa kujerarsa in ya shiga wata jam'iyya kafin wa'adin majalisar ya cika. Sashe na 109(1)(g) ya faɗi haka game da 'yan majalisar jiha. Amma sassan biyu sun bar ƙofa: ba za a rasa kujera ba in sauyin ya faru ne saboda rabuwar jam'iyya ko haɗewarta da wata. A 2015 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ifedayo Abegunde na Jihar Ondo, ta bayyana cewa rabuwar da ake nufi ita ce wadda ta shafi shugabancin jam'iyya na ƙasa har ta hana ta aiki, rikicin reshen jiha bai isa hujja ba. Abegunde ya rasa kujerarsa.

Duk da wannan hukunci, da wuya a ga an kori ɗan majalisa. Shugaban majalisa ne yake da alhakin bayyana cewa kujera ta zama babu kowa, shi kuwa galibi ɗan jam'iyyar da ake kwararowa cikinta ne, shi ne ma yake karanta takardar sauyin ana tafi. In an tafi kotu, shari'a takan ja har wa'adi ya kusa ƙarewa. Bugu da ƙari, ba a rasa rikici a jam'iyya. NNPP ta sami ɓangarori masu jayayya a kan shugabancinta na ƙasa tun daga 2023, waɗanda suka fita kuma suka riƙa kafa hujja da wannan.

Game da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu, tsarin mulki bai tanadi irin wannan hukunci ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Alhaji Atiku Abubakar bai rasa muƙamin mataimakin shugaban ƙasa ba don ya bar PDP. A 2022 wata Babbar Kotun Tarayya ta sauke Gwamna David Umahi na Ebonyi saboda komawa APC, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Akwai kuma hanyar kiranye a sashe na 69, amma tana bukatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓa, kuma yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye a 2018 ya ci tura.

Wasu ƙasashe sun gwada magunguna dabam dabam. Indiya ta yi wa tsarin mulkinta gyara a 1985 don hana 'yan majalisa sauya sheƙa, bayan an sha fama da faɗuwar gwamnatocin jihohi. Afirka ta Kudu ta halatta sauyin a 2002, da ta ga ɓarnarsa ga ƙananan jam'iyyu ta haramta shi a 2009. A Ingila doka ba ta hana ba, Winston Churchill ma ya sauya a 1904 ya kuma koma bayan shekara ashirin. Amma a can an sami 'yan majalisar da suka sauka don kansu suka sake neman ƙuri'a, kamar yadda Douglas Carswell ya yi a 2014.

Halin da Hamayya Take Ciki

Aikin hamayya a mulkin farar hula uku ne: ta binciki yadda ake kashe dukiyar jama'a, ta zama bakin wanda ba a saurara masa ba, ta kuma tsaya a matsayin wadda za a iya miƙa wa mulki in mai mulki ya gaza. In ta raunana, kasafin kuɗi yakan wuce majalisa ba tambaya, rahoton mai binciken kuɗi ya kwanta a kabad.

Raunin ya fi bayyana a ƙaramar hukuma, inda hukuma ta fi kusa da talaka. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 da na 2021 APC ce ta lashe shugabancin duka 44. A na Oktoba 2024 NNPP ta lashe duka 44. Jam'iyya ta canja, al'ada ba ta canja ba. Hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya waɗannan zaɓuka, gwamna ne kuma yake naɗa ta. Sakamakon haka shi ne majalisar kansiloli a Gaya ko Ajingi takan zauna ba tare da mai cewa a kawo lissafi ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amfaninsa ya dogara ga samun masu sa ido a kan kuɗin in sun iso.

Masarautar Gaya ma shaida ce. Gwamna Rimi ya ɗaga darajarta a 1981, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya mai da ita masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka soke dokar a watan Mayu 2024, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Ko mutum yana goyon bayan ƙarin masarautu ko ba ya yi, zai yarda cewa al'amarin da ya shafi hakimai da dagatai da masu unguwanni bai kamata ya riƙa juyawa da juyawar kujerar gwamna ba. A 2019 da 2024 duka majalisar jiha ta gama dokar cikin 'yan kwanaki. Da akwai hamayya mai ƙarfi da al'adar sauraron jama'a, da an daɗe ana muhawara, da kuma abin da aka zartar ya fi daɗewa.

Sai dai ba za a ce hamayya ta mutu a Kano ba. A 1983, da 2003, da 2011, da 2023 masu zaɓe sun kawar da ɓangaren da yake riƙe da mulki ko ɗan takararsa. Abin da tarihi ya nuna shi ne in kowa ya taru a gida ɗaya, kujerun ba sa isa, waɗanda aka hana su fita su zama sabuwar hamayya. Aibin wannan hanya shi ne hamayyar takan zama ta fushin mutum a kan mutum, ta ƙare ranar da aka sasanta.

Matsayin Ma'aikaci da Ɗalibi

Ma'aikacin gwamnati shi ne ya fi kowa jin wannan guguwa a jikinsa. Sakataren ƙaramar hukuma, da ma'aji, da shugaban makaranta, da malamin gona, kowa yakan ji tsoron a ce shi mutumin wane ne, a yi masa canjin wurin aiki. Garkuwarsa ita ce bin ƙa'ida da adana takardu, ya kuma yi wa kowane mai bukata aiki ba tare da duba launin hularsa ba. Wanda ya jingina da ɗan siyasa, ranar da ɗan siyasar ya tashi shi zai faɗi. Ɗalibi kuwa aikinsa ya riƙe tarihi, ya san wanda ya faɗi me a wace shekara, domin mai sauya sheƙa ya fi dogara ga mantuwar jama'a.

Kammalawa

Ba kowane sauya sheƙa ne abin zargi ba, kuma hana shi ƙwata-ƙwata zai mai da ɗan majalisa bawan shugabannin jam'iyya. Gyaran da ya fi kusa da adalci shi ne a tsaya a kan ma'aunai biyun nan na 1983. Duk zaɓaɓɓen da ya bar jam'iyyarsa, gwamna ne ko kansila, ya ajiye kujera ya koma wurin masu zaɓe. A ɗauke ikon bayyana gurbi daga hannun shugaban majalisa, a sa wa kotu wa'adin yanke irin wannan shari'a kamar yadda aka sa wa ƙarar zaɓe. A gyara zaɓen fid da gwani, a kuma duba batun ɗan takara mai zaman kansa, don kada wanda aka zalunta ya rasa mafita. Tsuntsu yana da ikon barin sheƙarsa duk sa'ad da ya ga dama. Kujerar majalisa kuwa amana ce ta mutanen Gaya da Ajingi da sauran 'yan'uwansu, su ne kuma ya kamata a tambaya kafin a ɗauke ta a kai wani gida.